Richard Lander: Hadimin da ya ratsa dazuzzukan Borgu da Kontagora, ya ƙarasa aikin da ya gagari iyayen gidansa

A safiyar Asabar, tun rana ba ta ɗaga ba, akan ga ma'aikata a Abuja sun ɗaura takalman tafiya, sun rataya gorar ruwa, sun nufi duwatsun da suka kewaye birnin. Wasu sukan sauko kafin hantsi ya yi zafi, wasu kuwa sai la'asar sakaliya. Duk wanda ya taɓa bin su ya san abin da tafiyar yini guda take yi wa ƙafa da gwiwa, ya kuma san cewa sai washegari ake gane ko jiki ya yarda. Kimanin shekara 200 da suka wuce, wani saurayi Bature ya jera irin wannan yini, ɗaya bayan ɗaya, har tsawon watanni, daga bakin teku zuwa Sakkwato, ya kuma komo. Hanyarsa ta bi ta ƙasar da a yau take cikin masarautar Kontagora. Sunansa Richard Lander. Aikin da aka ɗauke shi ya yi kuwa hidimar ubangidansa ce: ɗaurin kaya, girki, wanki da jinya.

Wanda ya shimfiɗa taswirar Najeriya ta yau ya bi sawun Lander da yatsa zai ga hanyar ta taɓa gandun daji na ƙasa har uku. Na farko shi ne na Tsohuwar Oyo, inda kufan birnin da Hausawa suke kira Katunga yake. Na biyu shi ne na Tafkin Kainji, wanda ya girmi sauran gandayen ƙasar nan, mai faɗin murabba'in kilomita 5,340, da sashensa na Borgu a yammacin kogin Kwara da na Zugurma a gabas, kudu maso yamma da Kontagora. Na uku shi ne na Kamuku a ƙasar Birnin Gwari. A zamanin Lander babu ko ɗaya daga cikinsu. Abin da yake akwai shi ne hanyar fatake mai zuwa Gwanja, da zangunanta, da sarakunan da suke karɓar fito da kuɗin hanya a kanta.

Ɗan mai masauki

An haifi Richard Lemon Lander ranar 8 ga Fabrairu, 1804, a garin Truro da ke yankin Cornwall, a ƙuryar kudu maso yammacin Ingila. Mahaifinsa mai gidan saukar matafiya ne, saboda haka yaron ya tashi yana ganin masu zuwa da masu wucewa. Karatunsa bai yi nisa ba. Tun bai balaga ba ya bi wani ɗan kasuwa zuwa tsibiran Karibiyan a matsayin yaron gida, inda zazzaɓi ya kusa kai shi kabari. Ya koma Ingila a 1818, ya ci gaba da barantaka a gidajen masu hali, yana bin su Faransa da sauran ƙasashen Turai. A 1823 ya raka wani hafsa, Manjo Colebrooke, zuwa Afirka ta Kudu, inda aka tura shi binciken yadda ake gudanar da mulki a can.

Kafin ya cika shekara 21, ke nan, ya riga ya san abubuwan da ba a koyarwa a makaranta: yadda ake kwana a inda dare ya yi, yadda ake karanta fuskar mai gida, da yadda ake shiga garin da ba a jin harshensa a fita lafiya.

A lokacin nan Turawa sun shafe shekaru suna gardama kan inda kogin Kwara yake ƙarewa. Mungo Park ya gan shi a Segu a 1796 yana gudu gabas, ya dawo karo na biyu don ya bi shi har ƙarshe, ya hallaka a duwatsun ruwan Busa a wajajen 1806. Wasu masana sun ce kogin yana haɗuwa da Nilu, wasu sun ce yana ƙafewa a wata fadama a tsakiyar nahiya. Hugh Clapperton, hafsan sojan ruwa ɗan Sikotland, ya ƙetaro Sahara ya isa Sakkwato a 1824, ya gana da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya koma gida da begen ƙulla ciniki. Da gwamnatin Birtaniya ta sake tura shi a 1825, wannan karon ta bakin teku, Lander ya je ya roƙa a ɗauke shi hadimi. Aka gargaɗe shi da haɗarin tafiyar, ya nace, aka ɗauke shi.

Daga Badagiri zuwa Borgu

Sun tashi daga Ingila a watan Agustan 1825, suka kama hanya daga Badagiri ranar 7 ga Disamba. A cikin tawagar akwai Kyaftin Pearce da Likita Morrison da wani ma'aikacin jirgi mai suna Dawson. Wani likitan, Dickson, ya sauka tun a Wida don ya bi ta Dahomey, ba a sake haɗuwa da shi ba. Akwai kuma tafinta, wani dattijo Bagobiri mai suna Abubakar, wanda Turawa suke kira Pasko. An kama shi bawa yana saurayi, aka sayar da shi hannu zuwa hannu har bakin teku, jirgin yaƙin Ingila ya ƙwace shi daga jirgin masu fataucin bayi, ya yi aiki a rundunar ruwansu. Yanzu ga shi zai koma ƙasar haihuwarsa ta hanyar da ya san irinta.

A kwanakin farko suka yi gangancin kwana a fili a bakin ruwa. Kafin watan Disamba ya ƙare, Pearce da Morrison da Dawson duk sun mutu. Lander ma ya kwanta, har aka fid da rai, sai ya tashi. Daga nan Turawan da aka turo suka rage biyu, ubangida da baransa.

Suka hau duwatsun ƙasar Yarbawa, wani wuri a kan doki, wani wuri a ƙafa, ranar da ciwo ya tsananta kuma a ɗauke mutum a ragaya. Sun isa Katunga ranar 23 ga Janairu, 1826, suka zauna wajen Alafin har farkon Maris, sannan suka shiga Borgu. A Kayama suka tarar da babban ayarin fatake Hausawa ya taso daga Gwanja da goro, mutum wajen 1,000 da jakuna da takarkarai. Clapperton ya yi ciniki da madugun ya ɗaukar musu kaya zuwa Kano.

A nan ya kamata mai karatu ya dakata, domin littattafan makaranta sun saba nuna waɗannan matafiya kamar masu sare daji da adda. Hanyar da suka bi tsohuwa ce, kuma tana da tsari. Ayari yana da madugu mai yanke shawara, da jagaba mai shiga gaba, da uban dawaki mai kula da na baya. Ana tashi da asuba, a yi tafiya kafin rana ta take, a sauka a zangon da aka san yana da ruwa. Nisan zango da zango shi ne ma'aunin tafiya, kuma wanda ya ce zai haɗa zango biyu a yini guda yakan biya da dabbarsa ko da lafiyarsa. Lander ya lura da wannan tsari ya bi shi, ya kuma fara tsintar Hausa daga bakin Pasko da fatake, domin ita ce harshen hanya tun daga Borgu har Kano.

A Wawa wata attajira bazawara mai suna Zuma, 'yar wani Balarabe, mai bayi masu yawa, ta nuna tana son auren Lander. Da ya zille, sai ta koma kan ubangidansa. Lokacin da Clapperton ya wuce Busa don ganin inda Park ya mutu, ta fita da jama'arta da kaɗe-kaɗe ta bi bayansa. Sarkin Wawa, wanda dama yake zargin tana neman karagarsa, ya tsare kayan baƙin ya ce ba za su motsa ba sai ta dawo. Lander ne ya yi ta kai da komowa tsakanin garuruwan har aka warware. Labarin yana da ban dariya, amma ya koya masa cewa baƙo yana iya faɗawa cikin rikicin gari ba tare da ya san ya shiga ba.

Ƙasar Kontagora kafin Kontagora

A watan Afrilun 1826 suka ƙetare Kwara a mafitar da ke kudu da Busa, suka shiga arewacin ƙasar Nufe, wadda yaƙin basasa tsakanin Majiya da Idirisu ya ɗaiɗaita. Suka yi zaman makonni a Kulfo, birni mai ganuwa da babbar kasuwa, inda fatake daga Barno da Kano da ƙasar Yarbawa da Gwanja suke haɗuwa, ana cinikin kanwa da gishiri da goro da tufafi da dawaki da bayi. Sunan garin yana nan har yau a ƙaramar hukumar Mashegu. Daga can, damina ta sauka, suka nufi arewa maso gabas ta ƙasar Kotonkoro da Wamba, cikin tuddai da rafuka masu cika dare ɗaya, zuwa Birnin Gwari.

Garin Kontagora bai kafu ba tukuna. Sai a 1864 Umaru Nagwamatse, jikan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, zai kafa shi. Wannan ne ya sa rubutun Clapperton da Lander yake da daraja ga mutanen yankin: yana cikin shaidu 'yan kaɗan na ganin ido da suka nuna ƙasar Kambari da Kamuku kafin yaƙe-yaƙen da suka biyo baya, da garuruwanta masu ganuwa, da gonakinta, da ƙauyukan da suka maƙale a kan duwatsu. Wurare da dama da suka gani cike da mutane, daji ne a yau.

Sun wuce Zariya suka shiga Kano ranar 20 ga Yuli, 1826, zamanin Sarki Ibrahim Dabo. Lander ya iso a galabaice da atuni. Clapperton ya bar shi da kaya ya wuce Sakkwato.

Amana a Sakkwato

Zuwan ya zo a mugun lokaci. Shehun Barno Muhammadu al-Amin al-Kanemi yana shirin yaƙi da Daular Usmaniyya, ga shi kuma a cikin kayan Clapperton akwai wasiƙa da kyaututtuka, har da makamai, na Barno. A fadar Sakkwato akwai masu tuna wa Sarkin Musulmi yadda Ingilishi suka shiga Indiya da sunan ciniki suka ƙare da mulki. Bello ya aika a kawo Lander da kayan daga Kano. Saurayin ya yi wannan tafiya ta kusan wata guda ba tare da ubangidansa ba, Pasko kuma ya sha guduwa da wasu kayan ana komo da shi. Ya isa Sakkwato a ƙarshen Disamba. Aka karɓe wasiƙar Barno da makaman, aka hana su wucewa gabas.

Clapperton, wanda mutanen gari suke kira Abdullahi, bai iya haɗiye wannan ba. Ya yi ta husuma da Waziri Giɗaɗo da sauran manyan fada, zuciyarsa ta karye. A watan Maris na 1827 ciwo ya kwantar da shi. Shi da kansa ya danganta shi da ranar da ya fita farauta ya yini a rana, ya gaji, ya kwanta a ƙasa mai laima. Lander ya yi jinyarsa fiye da wata guda, yana yi masa fifita, yana wanke masa tufafi, yana juya shi a shimfiɗa, alhali shi ma zazzaɓi bai sake shi ba. Clapperton ya rasu ranar 13 ga Afrilu, 1827. Da izinin Sarkin Musulmi aka ɗora gawar a raƙumi zuwa wani ƙauye a bayan gari, Lander ya yi masa addu'ar binnewa irin ta addininsu shi kaɗai.

Wasiyyar mamacin ita ce ya tsare takardun tafiyar ya miƙa su ga ofishin da ya turo su a Landan, kuma ya bi ayarin Larabawa ya ƙetare Sahara. Lander yana da shekara 23, ba shi da muƙami, ba shi da kuɗi, ba kuma wanda zai tuhume shi in ya watsar da takardun ya tsira da ransa. Ya ɗaure su ya ɗauka.

Komawa

Ya bar Sakkwato a farkon Mayu cikin wani babban ayari. A dajin Gundumi ƙishirwa ta kusa kashe shi. Ya zube a gindin itace yana roƙon masu wucewa, har wani saurayi Bafulatani ya tsaya ya miƙa masa ruwa a ƙwarya, ya sha ya raba da dokinsa. A Kano ya ga guzurinsa ba zai kai shi hamada ba, sai ya yanke shawarar komawa kudu. Ya kuma ƙudura abin da ba a sa shi ba: ya nemi garin Fanda, inda ya ji ana cewa daga nan kogin yake gangarawa teku.

Wannan ce tafiyarsa mafi wuya ta kan tudu. Cikin tsakiyar damina ya ratsa kudancin Zazzau, ƙasar duwatsu da kwazazzabai da koguna marasa gada, shi da Pasko da 'yan rakiya kaɗan, yana sayar da allura da 'yan tarkace yana sayen abinci. A watan Yuni, ya yi nisa ƙwarai, mahaya daga Sarkin Zazzau suka cim masa suka juyo da shi Zariya, saboda ƙasar da ya nufa ba ta ga maciji da daular. Bai yi gardama irin ta ubangidansa ba. Ya bi su, ya gaida sarki, ya ba da kyauta, aka sallame shi. Mutanen hanya sun riga sun laƙaba masa Nasara Ƙarami, kuma sunan ya riƙa buɗe masa ƙofa.

Ya sake bin Birnin Gwari da Wamba da Kulfo, ya ƙetare Kwara, ya sauka Wawa, inda sarki ya riƙe shi har sai da ya gyara masa bindigogi. Ya isa Badagiri ranar 21 ga Nuwamba, 1827. A can Turawan Fotugal masu fataucin bayi suka kai sararsa cewa ɗan leƙen asiri ne, aka yanke masa shan gwaska a gaban jama'a. Ya shanye, ya koma masauki da sauri ya sha maganin sa amai, ya rayu, gari ya ɗauka gaskiyarsa ce ta fid da shi. Wani jirgin Ingila ya ɗauke shi, ya sauka gida a ƙarshen Afrilun 1828 da takardun ubangidansa cikakku. A shekara ta gaba aka buga su, tare da nasa bayanin komawa.

Fam 100 da kwale-kwale

Da ya nemi a sake tura shi, sharuɗɗan da gwamnati ta ba shi sun nuna matsayin da take kallonsa da shi. Za a ba matarsa fam 100 ta ci da kanta, shi kuma a ba shi fam 100 in ya dawo. Ƙanensa John, wanda ya koyi aikin maɗaba'a kuma ya fi shi alƙalami, an yarda ya bi shi bisa sharaɗin ba za a biya shi ko sisi ba.

Sun tashi a Janairun 1830, suka ɗauki Pasko a Cape Coast, suka bar Badagiri a ƙarshen Maris, suka bi tsohuwar hanya ta Katunga da Kayama, suka isa Busa ranar 17 ga Yuni. A nan suka tarar da Zuma tana zaman gudun hijira, aka kuma nuna musu wani littafin lissafi da ya rage daga kayan Park. Suka haura Yawuri neman takardunsa, suka yi makonni biyar ba su samu ba. Sauran damina ta tafi a neman jirgi da lallashin sarakunan Busa da Wawa. Lander ya riga ya san cewa sannu ba ta hana zuwa, saboda haka ya jira. Ranar 20 ga Satumba suka tura kwale-kwale cikin ruwa.

Suka wuce Raba da Egga. Ranar 25 ga Oktoba suka ga wani babban kogi yana shigowa daga gabas, wato Binuwai, a wurin da Lakwaja take yanzu. Ƙasa da nan kaɗan, sun sauka hutawa, mutanen wani gari suka fito musu da baka da kibiya. 'Yan'uwan biyu suka yar da ƙananan bindigoginsu suka nufi shugaban da hannu a miƙe. Abin da ya ƙarasa kashe wutar shi ne wani dattijo a cikin taron da yake jin Hausa, wanda ya tsaya ya yi tafinta.

A farkon Nuwamba, kusa da Asaba, jiragen yaƙi suka far musu, kaya suka nutse, wani ɓangare na rubutunsu ya ɓata, aka kai su gaban Obi Ossai na Abo a matsayin kamammu. Wani basaraken ɗan kasuwa daga Brass, wanda Turawa suke kira King Boy, ya fanshe su bisa alkawarin za a biya shi a jirgin Ingila da ke bakin teku. Ta haka suka gangara ta reshen Nun suka ji ƙugin teku a tsakiyar Nuwamba. Kyaftin ɗin jirgin ya ƙi biyan fansar, ya tashi da su ya bar mutumin da ya cece su hannu wofi, abin da ya dami Lander ƙwarai. Sai da suka zaga ta Fernando Po da Barazil kafin su isa Ingila a Yunin 1831.

Amsar da suka kawo mai sauƙi ce. Rafukan manja da jiragen Turai suka shafe ɗaruruwan shekaru suna ciniki a bakinsu, su ne bakin Kwara. Masu jirage na Nufe da Igala da Abo da Brass kowannensu ya san yankinsa na kogin sarai. Abin da Lander ya yi shi ne ya bi shi daga sama har ƙasa a tafiya guda, ya rubuta. Ƙungiyar masana labarin ƙasa ta Landan ta ba shi kyautarta ta farko, mai buga littattafai John Murray ya sayi labarin da fam 1,000 da ɗoriya, aka buga shi a 1832.

Tafiyar ƙarshe

A wannan shekarar 'yan kasuwar Liverpool, ƙarƙashin Macgregor Laird, suka tura shi da jirage biyu masu tafiya da tururi. Ɗaya an sa masa suna Kwara, ɗayan kuma, na ƙarfe, an sa masa sunan Hausa, Albarka. Albarkar ba ta samu ba. Cikin Turawa 48, tara kaɗai suka tsira daga zazzaɓi, cinikin kuma bai yi armashi ba, ko da yake jirgin ya kai Raba a 1833. Pasko ya mutu a wannan tafiya, aka yi zargin guba aka ba shi. A watan Janairun 1834 aka yi wa Lander kwanton ɓauna a Angiama, cikin rafukan bakin teku, harsashi ya same shi a cinya. Aka kai shi Fernando Po, raunin ya ruɓe, ya mutu a farkon Fabrairu, saura kwanaki ya cika shekara 30. John ya bi shi a 1839.

Abin da ya rage

Ba a yi wa Lander adalci in an mai da shi waliyyi. Littattafansa suna ɗauke da raini irin na Turawan zamaninsa, da ƙarin gishiri a wasu wurare. A hanyar komowarsa ta farko ya karɓi bayi ya yi tafiya da su, ko da yake ya 'yanta su da ya isa bakin teku. Ƙofar da ya buɗe kuma ba ta rufu ba. A 1854 Likita Baikie ya shiga kogin yana ba mutanensa kwinin, bai rasa ko ɗaya ba. A 1886 kamfanin Royal Niger ya sami izinin mulki, a Janairun 1901 kuma sojojin Lugard suka ci Kontagora. Tsoron da aka bayyana a fadar Bello ya tabbata cikin shekara 75.

Duk da haka akwai abin dubawa a rayuwarsa, musamman ga wanda aikinsa shi ne riƙe jakar wani da tsara masa takardu. Hafsoshi da likitoci masu albashi da lambobi sun faɗi a makonnin farko. Wanda ya kai ƙarshe shi ne wanda ya koyi harshen hanya, yake tambaya kafin ya taka, yake gaida mai gari, yake juyawa in an ce ya juya, yake kuma auna tafiyarsa da zango ɗaya a yini. Da ubangidansa ya mutu, ya ɗauki amanar da ba mai ganinsa ya kai ta inda aka ce. A Truro an gina masa doguwar hasumiya da gunkinsa a kai, a Asaba akwai wurin tunawa da shi da ƙanensa. Abubakar Bagobiri, wanda ya taka duk waɗannan hanyoyi tare da shi kuma ya yi masa baki, da madugun da ya ɗauki kayansu daga Kayama, da saurayin dajin Gundumi, a cikin shafukan Clapperton da Lander ake samun labarinsu.

Tsohuwar Busa tana ƙarƙashin ruwa tun da aka gama madatsar Kainji a 1968, aka mai da mutanenta sabon gari. Duwatsun da suka ci Park sun nutse tare da ita. Amma hanyar tudu tana nan: daga Kayama zuwa Wawa ta ƙetaren kogin Oli, daga gaɓar Kwara zuwa Kulfo, daga Kotonkoro zuwa Birnin Gwari. A wata ƙasa da tuni an auna ta zango-zango, an kafa alamu, an horar da 'yan yankin su yi jagora, masu hawan duwatsun Abuja su sami inda za su gwada ƙafarsu da gaske. Abin da ya hana a yau sananne ne, domin dazuzzukan Kainji da Kamuku sun fi fitowa a labarai saboda 'yan bindiga. A 1826 baƙo marar lafiya ya ratsa su cikin damina, ana tsakiyar yaƙi, saboda kowane zango yana da mai shi, wanda yake karɓar baƙo ya miƙa shi ga na gaba. Hukumar kula da gandayen daji ta ƙasa da ma'aikatar muhalli da hukumomin tsaro duk a Abuja hedikwatarsu take, kuma takardar da za ta mayar wa wannan hanya da masu ita, a kan teburin wani hadimi za ta fara kwana.